Wai akwai ƙasar da ke ba mace mai zaman kanta bizar aiki, ko yaudara ce?

'YarMararaba:

Salam jama'a. Dan Allah wanda ya san abin ya amsa min, mai wa'azi kuma ya ɗan yi haƙuri, na san hukuncin, ba shi na zo tambaya ba.

Ni zaman kaina nake yi a nan Abuja. Ɗakina yana Mararaba amma harka yawanci cikin gari ce, Wuse 2 da Gwarinpa, ta waya nake haɗuwa da mutanena, ba na tsayawa bakin titi. Ba ni da magajiya ba ni da kawali, abin da na samu nawa ne. Yarana biyu suna Jos wajen mamata, ni ke biyan makaranta ni ke biyan haya. To yanzu wlh abin ya ƙi, kuɗin da za a ba ki motar zuwa da dawowa ta ci kusan rabi, ga kullum gabanki na faɗuwa kar a yi kame a kulob ko otal a watsa ki a bayan hilos ana ɗaukar bidiyo.

Wata da muka taɓa zama gida ɗaya ta haɗa ni da wata anti a WhatsApp, ta ce a Jamus da Holan wannan sana'a ce kamar ɗinki, har haraji ake biya, kuma 'yan sanda ne ma ke tsaron mutum. Ta ce za ta yi min biza da tikiti da wurin sauka, in na isa in riƙa biyanta a hankali. Na ce nawa ne ta ce ba yawa. Wata ƙawata kuma ta ce in bar Turai, Dubai ta fi kusa ta fi kuɗi.

Abin da nake so in sani, da gaske doka ta yarda a can? Akwai bizar wannan aikin ko da ta yawon buɗe ido ake shiga? Kuma in na ƙi antin na tara kuɗina na tafi da ƙafata, zan iya yi ni kaɗai yadda nake yi a nan?

MalamKubwa:

Baiwar Allah ko gwamnatin duniya gaba ɗaya ta halatta, Allah bai halatta ba. Ki tuba ki nemi jari ko na ƙosai ne. Allah ya shirye mu baki ɗaya.

Tafinta_Hambog:

Amin Malam. Amma tunda ta yi tambaya gara a ba ta amsa, in mu ba mu faɗa mata ba antin ce kaɗai za ta ji.

'Yar'uwa ni ɗan Jos ne, ina zaune a Jamus, aikina tafinta, kuma cikin wuraren da ake kirana har da ofisoshin ba mata shawara, don haka na zauna da 'yan Najeriya da yawa da suka zo a kan irin maganar da aka yi miki. Antin ba ƙarya ta yi ba ɗari bisa ɗari, rabin gaskiya ta faɗa ta riƙe rabin, kuma rabin da ta riƙe shi ne ya shafe ki.

Eh, a Jamus doka ta yarda. Tun 2002 aka ɗauke shi a matsayin sana'a, sannan a watan Yulin 2017 aka kawo wata doka da ta ce dole duk mai yi ta je da kanta ta yi rajista. Za ki fara zuwa ofishin lafiya a yi miki bayani, sai ki je ofishin rajista a ba ki kati mai hotonki, ana ma iya ba ki wani mai sunan aro don kar kwastoma ya san sunanki na gaskiya. Katin shekara biyu yake yi, in ba ki kai shekara 21 ba shekara ɗaya. Kwaroron roba dole ne a doka. Duk wannan ya yi daɗin ji ko? To a teburin rajistar nan abu na farko da za a ce ki ajiye shi ne takardar da ta nuna kina da izinin aiki a ƙasar. 'Yar Romaniya ko Bulgeriya ta miƙa katin ƙasarta shikenan saboda suna cikin Tarayyar Turai. Ke da koren fasfo me za ki miƙa? Bizar Shengen, wato ta shiga yawancin ƙasashen Turai, ta ziyara kwana 90 ce cikin 180 kuma ba a aiki da ita, ko wanke-wanke ne balle wannan. Babu kati, gidajen da ke da lasisi ba za su ba ki ɗaki ba don su ma za a ci su tara mai nauyi. Sai ki koma ɓoye, kuma duk wanda ya ba ki wurin ɓuya ya san ba ki isa ki kira ɗan sanda ba. Daga nan zaman kan da kike taƙama da shi ya ƙare, kin samu magajiya ko kina so ko ba kya so.

Ko masu katin ma ba aljanna suke ciki ba, akwai gidajen da hayar ɗaki ta haura Yuro 100 a rana, ki samu kwastoma ko kar ki samu, ga haraji ga inshorar lafiya da take dole a ƙasar.

Holan ta fi ma fitowa fili. Sun ɗage haramcin gidajen a shekarar 2000, tagogin nan na Amstadam da ake nunawa a bidiyo gaskiya ne, amma dokarsu ta hana a ba ɗan wajen Tarayyar Turai izinin aiki a wannan ɓangaren kwata-kwata. Wato ba wai wuya ce da shi ba, layin ne babu. Niyu Zilan da masu fafutuka ke yabo, sun cire shi daga laifi a 2003, amma cikin dokar nan ɗin akwai sashe na 19 da ya ce mai bizar wucin gadi, ɗaliba ce ko baƙuwa ko ma'aikaciya, in ta yi za a iya korarta. Beljiyam ta cire shi daga laifi a 2022, a ƙarshen 2024 ma ta ba su damar samun kwantiragin aiki da hutun haihuwa da fansho, shi ma dai ga mai takardar zama ne.

Sai ƙasashen da suka ce mai saye ne mai laifi ba mai sayarwa ba: Suwidin tun 1999, Nowe 2009, Faransa 2016, Ayalan 2017. A takarda ba a kama ki, amma ɗan sanda in ya biyo kwastoma ya shigo ɗakinki fasfonki zai fara tambaya, kuma mai gida in ya sani ya bar ki za a iya cajinsa da kawalci, saboda haka kora ce. 'Yan Najeriya a Oslo sun sha wannan sosai. Ingila, sayarwar kanta ba laifi ba ce amma in ku biyu kuka haɗa gida ɗaya ko don tsaron junanku ne, ya zama gidan karuwai a doka, laifi ne. Amurka kuwa haram ne ko'ina in ban da wasu ƙananan hukumomi a jihar Nebada, cikin Las Begas ɗin ma an hana, kuma fom ɗin bizarsu yana tambaya ɓaro-ɓaro ko kin yi wannan harka cikin shekara 10 da suka wuce. Ki ce eh a hana ki, ki ce a'a a gano daga baya ya zama ƙarya ga hukuma, wannan kuma haramcinsa na har abada ne.

A taƙaice ni ban taɓa ganin wadda ta taso daga Najeriya da bizar wannan aiki a fasfonta ba. Dokar da za ta kama ki ba ta karuwanci ba ce, ta shige da fice ce.

MamanIman:

Ƙanwata bar maganar Dubai ɗin nan, ki ce wa ƙawarki ta ji tsoron Allah. Ni ba Dubai na je ba, Jidda na yi zama, aikatau ya kai ni, shagala a gidan wasu Larabawa, da wuya ta yi wuya na gudu na faɗa cikin 'yan'uwanmu takari, kuma a nan na ga yadda masu harkar suke rayuwa don ɗaki ɗaya muka yi da wasunsu. Ƙasashen Larabawan nan babu wani rajista babu kati, laifi ne kai tsaye, ɗauri ne sannan kora, a Saudiyya kuma kin san hukuncin zina ba wasa ba ne.

Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne ranar da aka cuce ki. Akwai wata yarinya 'yar wajen Kano da muke kwana tare, wani ya ɗauke ta ya kai ta can bayan gari su uku, suka yi abin da za su yi suka ƙwace wayarta da ɗan kunnenta suka yar da ita, ta dawo da asuba ba takalmi leɓenta a fashe, muka dafa ruwan zafi da gishiri muka gasa mata jiki a banɗaki muna toshe mata baki kar maƙwabta su ji kuka. Asibiti ba ta zuwa don za a tambayi igama, wato katin izinin zama, wajen 'yan sanda ba ta zuwa don ita za a fara riƙewa. Panadol muka ba ta. Shikenan maganar ta mutu.

Ni dai a ƙarshe kama ni aka yi a hanyar kasuwa aka kai ni tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora, aka ɗauki yatsuna aka sako mu a jirgi, abaya ɗaya a jikina da leda a hannu, duk abin da na tara yana wajen wata da na ba ajiya har yau ban sake jin ɗuriyarta ba.

Dubai kuma waɗanda suka dawo sun ba ni labari, tun a filin jirgi madam ke karɓe fasfo wai za ta adana miki. Bizar ziyara ta ƙare tara ta fara hawa kanki dirhami 50 kowace rana, kin ga ko kin samu hanyar gudu ba ki da kuɗin fita. Kuma duk mai neman takardar zama a can sai an yi mata gwajin jini, in aka samu ƙanjamau kora ce ba magani ba. Ki tuna ma daga ƙarshen 2022 har tsakiyar 2024 sun rufe wa 'yan Najeriya biza gaba ɗaya, har yanzu mace matashiya ita kaɗai ba ƙaramin bincike ake mata ba.

'YarMararaba:

Innalillahi. Anti MamanIman sannu, Allah ya mayar da alheri. Yaya Tafinta na gode ƙwarai, amma bari in ƙara tambaya kar ka gaji. Antin ta ce wasu da bizar karatu suke shiga, wasu kuma a ɗaura musu aure da ɗan ƙasa na takarda kawai, wasu su ce gudun hijira suka yi. Wai da an samu takarda ɗaya sauran duk mai sauƙi ne.

Tafinta_Hambog:

Ban gaji ba. Bizar karatu sai kin nuna makaranta ta ɗauke ki da kuɗin zama na shekara a asusu, a Jamus ya haura Yuro 11,000, kuma aikin da ta yarda da shi ɗan ƙayyadadde ne a ƙarƙashin wani, ba sana'ar kai ba. Ta Ingila ma ta hana ɗalibi sana'ar kansa a fili. Auren takarda laifi ne ga ku biyun, suna raba ku ɗaki daban-daban su yi ta tambaya har gefen gadon da kowa ke kwana, kuma mijin takardar nan in ya ga dama ya mayar da ke saniyar tatsa tunda zamanki a hannunsa yake. Mai neman mafaka kuwa ba a ba ta izinin sana'ar kanta lokacin da take jira, 'yan Najeriya kaɗan ne ake amsa wa, kuma in a Italiya aka fara ɗaukar yatsunki can za a nemi mayar da ke. Ita bizar Shengen ɗin ma Yuro 90 ce ba a mayarwa, kuma kusan rabin 'yan Najeriya da ke nema hana su ake yi. To ki tambayi kanki wace hanya antin take da ita da ta fi ta ofishin jakadanci.

Ladi_Utako:

Hanyar da take da ita mota ce ta Agadas. Yi haƙuri na shigo da zafi, ina aiki da wata ƙungiya da ke karɓar matan da aka dawo da su, kuma kalmar nan "ba yawa" ita ta tayar min da hankali.

Ana ce wa yarinya jirgi za ta hau, sai ana gobe tafiya a ce biza ta ɗan makale, a bi ta Kano a tsallaka Nijar daga can a hau. Daga Agadas sai bayan hilos cikin sahara zuwa Sabha a Libiya, can akwai abin da mutanenmu ke kira gidan bashi, ana kulle mutum a kira danginsa yana ihu a waya su turo kuɗi. Mata kuma a sayar da su gidajen karuwai tun kafin su ga teku. A 2016 kaɗai mata 'yan Najeriya wajen 11,000 suka sauka Italiya ta ruwa, kuma hukumar IOM mai kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kashi 80 cikin 100 nasu mai yiwuwa safararsu aka yi don wannan aiki. Bashin da ake ɗora musu yakan kai Yuro 30,000 zuwa 50,000, kuma wayon shi ne a gida ba a faɗin cewa Yuro ne, yarinya ta ji dubu talatin ta ɗauka naira ce ta ce ai wata ɗaya ta biya. Bayan bashin akwai kuɗin ɗaki, kuɗin abinci, har kuɗin gefen titin da kike tsayawa. A kudu rantsuwa ake sa su wajen boka da gashi da farce, abin ya yi yawa har Oba na Benin, Ewuare na biyu, ya tara bokaye a watan Maris 2018 ya warware rantsuwar ya tsine wa masu safarar. A wajenmu kuma Alƙur'ani ake sa mutum ya dafa ya rantse, ko a riƙe lambar mahaifiyarki da hotunanki a ce za a tura mata. Ke da kika ce mamanki na Jos da yaranki, ki lura ko antin ta fara tambayar unguwarku.

Wasu ko Libiya ba sa kaiwa. A 2019 NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ta ce akwai 'yan matan Najeriya wajen 20,000 a Mali, da yawansu an ce musu Malesiya za su aikin otal, suka tsinci kansu a bukkokin leda kusa da ramukan haƙar zinare.

Abu ɗaya da nake so ki riƙe, don mata irinki sukan ce ai ni na san aikin da zan je yi ba yaudarata aka yi ba. Ko kin sani, ko ke kika ce a kai ki, ranar da aka karɓe fasfonki ko aka ɗora miki bashin da ba ki yarda da shi ba ko aka hana ki cewa a'a ga kwastoma, safarar mutane ce a doka kuma ke ce aka zalunta. Italiya ma tana da sashe na 18 a dokar shige da ficenta ta 1998 da ke ba irin waɗannan takardar zama in sun fita daga hannun madam, sai dai kafin mace ta kai can ta ga abin da ta gani. Hedikwatar NAPTIP tana nan Wuse Zone 5, in kina so a bincika antin ba sai kin ba da tarihin rayuwarki ba, ki ce an yi miki tayin tafiya kina zargi, ki nuna musu saƙonnin.

DanZuba:

Ni dai abin da ban gane ba, me ya sa kowa Turai Turai? Ga Senegal nan, na yi zama a Dakar ina harkar kayan gwanjo, can doka ta yarda tun 1969, mace ta kai shekara 21 ta yi rajista a ba ta katin lafiya ta riƙa zuwa asibiti ana duba ta a kai a kai, ɗan sanda ya tare ta katin zai tambaya. Kuma ƙasar ECOWAS ce ba biza, kwana 90 da fasfonki kawai. Ba cewa nake ki je ba fa, kar Malam ya zo ya haɗa da ni.

Ladi_Utako:

DanZuba gaskiya ne amma ka ƙarasa. Bayan kwana 90 sai da katin zama. Tallar kai a titi laifi ne, buɗe gida laifi ne, kuma mafi yawan masu yi a can ba su da rajistar don sunanki na shiga kundin hukuma ne kuma fitar da shi ba sauƙi ba. Kuɗin ma sefa ne, ba abin da zai sa mace ta bar Abuja ba ga Faransanci ko Wolof da ba ta ji. Kuma yankin Kedugu na Senegal ɗin, wajen zinare, yana cikin wuraren da ake kwaso 'yan matanmu da aka yi safara, irin na Mali sak.

Barista_Gwarinpa:

Ƙarin bayani kaɗan kan kamen da ta ce tana tsoro a nan gida. Abuja kundin Penal Code take bi kamar sauran Arewa, kuma da sassan zaman banza da yawon tallar kai ake gurfanar da mata, saboda haka kar wani ya ce miki babu doka. Amma kame ba lasisin cin zarafi ba ne. A 2017 kotun ECOWAS ta ba Dorothy Njemanze da wasu mata gaskiya kan yadda aka kama su a titin Abuja aka kira su karuwai, ta ce a biya uku daga cikinsu naira miliyan 6 kowacce. Bayan samamen kulob-kulob na Afrilun 2019 ma mata sun je kotu. In aka kama ki kina da damar yin shiru, da kiran lauya, kuma beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne a doka ko da a aikace kin san yadda ake yi. Kar ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, kuma kar ki amsa laifi a kotun tafi-da-gidanka don kawai a sake ki da wuri, wannan amsawar tana zama tarihi, kuma fom ɗin biza na ƙasashe da yawa yana tambayar ko an taɓa yanke wa mutum hukunci.

'YarMararaba:

Na gode muku duka. Jiya da daddare na rubuta wa antin na ce ta faɗa min adadin kuɗin a rubuce, da ko naira ne ko Yuro, da sunan bizar da za a buga min, da jirgin da zan hau daga ina. Ba ta rubuta ba, murya ta turo wai na cika bincike kamar 'yar jarida, wai akwai yara uku a layi in ba na so, in kawo fasfona Zuba ranar Asabar akwai yaronta da zai karɓa. Anti Ladi, antin kuwa ta taɓa tambayata wace unguwa mamata take a Jos, na ce mata Rikkos amma ban faɗi layi ba. Saƙon muryar zai yi a matsayin shaida ko sai rubutu?

Ladi_Utako:

Zai yi. Kar ki goge komai, ki tura kwafi wata wayar, ki ɗauki hoton lambarta da hoton da ta sa a WhatsApp kafin ta canza. Kar ki je Zuba, kar ki ce mata kin fasa tukuna, ki ce fasfon yana Jos. Ki yi min magana ta inbos in kin shirya, Litinin da safe ina cikin Wuse sai in raka ki.